Ranar da Baffa Ya Kwance Ƙyalle

Mu duka na Allah ne, kuma wurinsa za a tattara mu. Baffa ya riga mu. Ya rasu a tsakiyar daminar nan, da murar da ta kwantar da rabin garin Garwa. Muka kai shi makwancinsa ana yayyafi, taɓo har idon sawu.

Masu ta'aziyya sun zo, sun zo sosai, duk da tsoron cutar. Sai dai sun riƙa yin wani abu da ban taɓa gani a gidan makoki ba. Mutum zai durƙusa ya yi addu'a, a shafa, maimakon ya ja gefe sai ya matso kusa da ni, ya sa yatsa ya ɗaga leɓensa, ya nuna mini giɓi. Wani tsohon Bafulatani daga Pitowa ne ya fara, wanda ya tako a ƙafa don motocin hanyar sun tsaya. Ya wangale baki ya ce da Fulatanci, "Nan, da nan. Shi ya cire. Ban san an gama ba sai da ya ce in tofar." Daga shi sai wani direban babbar mota na hanyar Ngaundere, sai mai gadin tashar jirgin ruwa, sai wata tsohuwa mai ƙosai da ta sa aka kira ni zaure ta nuna mini nata a bayan mayafi.

Ni kuwa, Allah ya sani, ba na jin komai. Ina zaune ina cewa amin, ina duba bakunan mutane. Har na kama kaina ina cewa a zuciya, wannan dasashin ya warke da kyau, wancan kuma na kusa da shi ya fara ruɓewa. Ɗan da Baffa ya riƙa tun yaye ke nan, a zaman makokinsa.

Mutum ɗaya ne bai buɗe baki ba. Baba, mahaifina, ƙanen Baffa, yana can ƙarshen tabarma jingine da bango, kuncinsa na hagu a kumbure. Akwai guntuwar saiwar haƙori a muƙamuƙinsa, wadda ta karye ta maƙale ranar da Baffa ya yi masa aiki. Kullum kumburin ƙaruwa yake yi. Na san abin da irin wannan kumburi yake yi wa mutum in ya gangara wuya, na sha gani a lopital, wato asibiti. A duk Garwa ni kaɗai na rage da zan iya cire ta, shi kuma ya ce ba mai taɓa shi.

Zan dawo kansa. Bari in fara da wanda ya tafi, don saboda shi na zauna rubutun nan.

Gidanmu gidan fawa ne. Kakanmu ya biyo shanu daga ƙasar Hausa, ya ga kogin Binuwai, ya ga kasuwa, ya ajiye sanda. Ya haifi uku da suka rayu: Baffa ne babba, sai Goggo, sai Baba auta. Baffa ma da wuƙa ya fara. Yadda yake ba da labari, wani likitan Faransa ne ya zo kwata duba nama, ya tarar da shi yana fiɗar kan sa, yana zare harshe da muƙamuƙi bai ɓata ko tsoka ɗaya ba. Likitan ya ce wannan hannun asara ne a kwata, ya tafi da shi lopital, ɗakin haƙori. Baffa yana ba da labarin yana dariya. Baba kuwa, duk sa'ad da aka zo wurin nan, sai ya ce, "Wato namu hannun ne ya dace da kwata." Ya tashi ya ba mutane wuri.

Ni ɗan fari ne a wurin Baba, kuma kun san yadda abin yake. Ba ya kiran sunana, ba ya kallona ido cikin ido, in zai yi mini magana sai ya faɗa wa bango. Ana yaye ni aka miƙa wa Baffa da matarsa Inna, su da Allah bai ba haihuwa ba. A hannunsa na girma, shi ya sa ni lekwal, wato makarantar boko, shi ya nema mini aiki a ɗakin haƙori, shi ya yi mini aure. Shekaru na yi ina tsaye a hagunsa ina miƙa masa ƙarfe, kafin ya yarda in cire haƙorin mutum shi yana tsaye a haguna.

Dogo ne, siriri, ga kunnuwa. Duk inda ya wuce sai ka ji man kanumfari, har a masallaci ana gane sahun da ya tsaya. Ba ya cin goro, yana yi wa masu ci wa'azi har su gaji, amma aljihunsa ba ya rabuwa da alewa. Inna ta yi faɗa har ta bari. Ya ce shi ya san inda ake cirewa, ba shi da damuwa.

In mutum ya zauna a kujerar ƙarfen nan yana rawar jiki, ya damƙe baki, Baffa sai ya ce, "Buɗe mana, ba shiga zan yi ba." Ya iya faɗin wannan da Hausa, da Fulatanci, da Faransanci, da Larabcin mutanen Kusuri, har da wasu harsunan mutanen kan dutse da bai san komai a cikinsu ba sai wannan. Matan Fulani ne suka fi ba shi aiki. Mace ta gwammace ta mutu da ciwon da ta buɗe baki gaban namiji. Sai ya ce ta ja mayafinta ta rufe fuskar duka, ta bar masa bakin kawai. Shi kuma ya juya yana yi wa mijinta hirar farashin shanu a kasuwar Ngong, kamar babu kowa a kujerar, hannunsa yana ta aiki. Har daga Marwa ake kawo masa su.

Wanke hannu kuwa, ciwo ne a jikinsa. Ya taɓa ƙofa ya wanke, ya karɓi takarda ya wanke, ya gaisa da liman ma, yana dawowa gida sai buta da sabulu. Mu mun saba. Amma Goggo ta ba ni labari cewa a shekararsa ta farko a lopital, ya dawo gida da farar riga, Baba yana saurayi ya dawo daga kwata, ya tare shi da murna ya ba shi hannu. Suna rabuwa Baffa ya nufi buta. Baba yana tsaye yana kallo. Bai ce komai ba a ranar, bai ce komai ba shekara talatin.

Wanda ba ɗan gidan fawa ba ba zai gane nauyin wannan ba. Baba ya yi ƙuruciyarsa yana ratsa gari da tumbi da kayan ciki a ka, mutane suna jan gefen riga suna toshe hanci. Su ne kuma za su zo da yamma suna lasar yatsa a gindin tukubarsa. Ya iya shanye wannan daga kowa. Daga yayansa ne bai iya ba. Ba su yi gaba ba, a'a. Kullum ta Allah sai Baba ya aiko da nama gidanmu, kuma inda ya fi kyau a jikin sa yake yankowa. Amma bai taɓa sa hannu a kwano ɗaya da Baffa ba, bai taɓa taka lopital ba. Haƙorinsa in ya yi ciwo, wanzami yake kira.

Sai murar ta zo. Rediyo ta ce ta zagaye duniya kafin ta iso mu. Wasu suka ce jiragen ruwan da ke zuwa ɗaukar auduga ne suka kawo ta, wasu suka ce ta jirgin sama ta sauka. Ba irin murar da muka sani ba ce. Mutum zai tashi lafiya, kafin azahar gaɓoɓinsa sun saki, jiki kamar garwashi, sai tari. Yara da matasa suna tashi. Tsofaffi ne in ta sauka musu a ƙirji ake shiga uku.

Likitanmu Bature yana cikin na farko da ta kayar, aka ɗauke shi zuwa Yawunde. Kafin ya tafi ya ce wa Baffa ko dai a rufe ɗakin haƙori, ko kuwa kada wanda ya kusanci bakin mutum ba tare da ya rufe nasa bakin da hanci ba. Abin rufe bakin da lopital take da shi kaɗan ne, duk an kai ɗakin tiyata. Baffa ya ce rufe ɗaki ba zai yiwu ba, ciwon haƙori bai san ana annoba ba. Ya karɓo bandir ɗin yadin ɗaure ciwo, shara-sharan nan da muke ce wa kompres, ya kai wa Inna. Ta zauna a gaban kekenta tana ninkawa, ninki kan ninki, tana ɗinke gefe, tana sa igiya biyu ta sama biyu ta ƙasa. Mu a gida ƙyalle muke ce masa. Mutanen gari suka sa masa takunkumi.

Ya kafa dokoki, kuma bai yi wasa da ko ɗaya ba. Kowane majiyyaci da sabon ƙyalle. In ya jiƙe da numfashi, ya gama aikinsa, a canza. Ba a taɓa gabansa, ta igiya ake kamawa. Ba a saukar da shi wuya a sake mayarwa, daga fuska sai tukunya, a tafasa shi a kan risho tare da ƙarafa, a shanya, a goge. Ya hana amfani da injin ƙafa na huda haƙori, ya ce yana fesa miyau. Ya fitar da kujerar baranda inda iska take wucewa. Wanda zai iya jira da man kanumfari ya jira, wanda ya kumbura kaɗai za a taɓa. Na yi ƙorafi, ba zan ɓoye ba. Zafin Garwa ko da damina ba ya tausaya wa kowa, ga gumi yana shiga ido, ga numfashinka yana dawo maka. Ya ce, "Ɗana, anfirmiye mai jinya yana ba da magani daga nesa da hannu. Mu fuskarmu muke sawa a bakin mutane. Ɗaura."

Mutane ba su so ba. Wasu suna hango mu a baranda sai su juya. Wani dattijo daga fadar Lamiɗo ya zo da rawaninsa da mutanensa, ya tsaya ya ƙare wa Baffa kallo, ya ce, "Yaushe ɗan mahauta ya fara amawali?" Gabana ya faɗi. Baffa ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, naka na girma ne, nawa na tari ne." Dattijon ya yi dariya har ya riƙe kunci don zafi, ya zauna. Baffa bai kwance masa ba. Bai kwance wa kumandan jandarma ba, bai kwance wa malaminsa da ya koya masa Fatiha ba.

Wata Litinin da hantsi muna shanya ƙyallaye, sai na hango Baba yana shigowa ta ƙofar lopital. Na ɗauka idona ne. Wanzaminsa ashe yana kwance, haƙorin turmi kuma ya hana shi ci da barci, har yana buga kai da bango. Baffa ya ɗaura sabon ƙyalle, ya fito bakin baranda da sauri yana murna.

"Auta! Kai ne? Sannu da zuwa, hau, hau ka zauna."

Baba ya tsaya a ƙasan matakala. Bai kalli kujerar ba, ƙyallen yake kallo.

"Tun daga ƙofa ka jiyo?"

"Na jiyo me?"

"Ka san me."

"Haba Auta. Mura ce ake yi. Kowa haka nake yi masa, tambayi ɗanka."

"Ni kowa ne?"



Baba ya ce, "Na yi wanka kafin in zo, Yaya. Sabon sabulu na sa aka sayo. Wannan rigar Juma'ata ce. Ban je kwata ba yau, ban je jiya ba." Ya juya zai tafi.

Na ga idanunsa sun yi ja, gumi yana tsattsafo masa a goshi, ya haɗiye tari sau biyu yana magana. Abin da na gani Baffa ya riga ni gani. Ya ce mini da Faransanci, don kada Baba ya gane, "Zazzaɓi ne a jikinsa. Kada ka cire naka. Ka tsaya ta bayansa."

Na ce masa, da Faransancin, mu ba shi ƙwayoyi da man kanumfari, ya je ya dawo in ya warke.

Ya ce, "In ya fita ƙofar nan, ba zai ƙara shigowa ba."

Ya kai hannu ƙeya ya kwance igiyoyin, ya jefa ƙyallen a tukunya. Ya ce, "Auta, ga ni. Zo."

Baba ya juyo, ya hau, ya zauna. Baffa ya yi masa allura, ya sunkuya, fuskarsa ba ta fi tafin hannu tsakaninta da ta Baba ba. Ina riƙe da kan mahaifina ta baya, zafin jikinsa yana ratsa tafina. Haƙorin ya riga ya ruɓe sosai. Baffa ya kama shi yana girgizawa a hankali, ya kusa fitowa, sai tarin da Baba yake ta dannewa ya ƙwace. Ya yi shi a fuskar Baffa, da miyau da jini. Haƙorin ya karye, saiwa ɗaya ta zauna a ciki. Baffa ya gwada nemo ta, jini ya rufe wurin, Baba kuma ya fara karkarwa. Ya ce a bari, in jiki ya yi sanyi ya dawo a ƙarasa.

Ya share fuskarsa da hannun riga, shi ke nan. Bai nufi ruwa ba. Ya tsaya yana tsokanar Baba, wai mai kayar da bijimi ga shi haƙori ɗaya ya sa shi sallama. Baba, da auduga cike da baki, ya yi dariya. Tunda nake ban taɓa ganin su biyun suna dariya lokaci ɗaya ba. Baffa ya kama hannunsa, suka taka har ƙofar lopital hannu cikin hannu, ya tsaya sai da Baba ya sha kwana. Sannan ya dawo ya wanke fuska da hannu, ya ɗaura wani ƙyallen, ya ce a kira na gaba.

Ba na cewa a nan ya ɗauka. Garin duka tari yake yi, a masallaci, a kasuwa, a layin famfo. Ba na kuma cewa ƙyallen Inna yana tare komai da komai, yadi ne kawai. Ajali kuwa ba ya jiran a kwance igiya. Abin da na gani nake faɗa. Washegari Baba ya kwanta. Kafin Juma'a Baffa ya kwanta. Ni ban ko yi atishawa ba.

Da ya ji ta a jikinsa, shi da kansa ya kwashi tabarma ya koma ɗakin da ke kusa da zaure, ya ce duk mai shiga sai da ƙyalle, har Inna. Da farko yana yi mana tsiya, yana tambaya ko na tafasa ƙarafa. Daga baya ta sauka ƙirji. Muka yi masa allurai, muka ɗaga masa kai da matasai, numfashin yana fita da ƙara. Ba ni da abin da zan ƙara a kan wannan. Na sha ganin irinsa a lopital, kuma haka na tsaya ina kallo, ina lura da launin leɓensa kamar na wani.

Ranar da zai rasu, da hantsi, ya yafito ni. Na ɗauka wasiyya zai yi a kan Inna ko gida. Ya ce, yana tsayawa tsakanin kalma da kalma, "Saiwar nan ta Auta. Ta ciki ce, ta wajen harshe. Kada ka bar ta." Na ce to. Bayan azahar ya cika.

Baba yana can kwance bai san inda kansa yake ba, sai da aka dawo daga maƙabarta aka gaya masa. Zazzaɓinsa ya sauka, aka riƙo shi aka kawo shi zaman makoki. Mu ba wanda ya ce masa komai game da ƙyalle. Amma maganar ta riga ta kai kwata, daga kwata ta shiga kasuwa. Wanda ya fara kai ta, na san shi, yana share baranda a lokacin, har ya zo ya yi mini ta'aziyya na ce amin. Ko ba a kai ba ma, Baba ba yaro ba ne.

Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, kuncin yana ta hawa. Ya daina cin tuwo, sai kunu, daga baya kunun ma sai da cokali ta gefen baki. Kumburin ya sauko ƙarƙashin haɓa, ya yi tauri, yana sheƙi. Goggo ta same shi a zaure ta sauke masa kwandon faɗa. "Kai Auta, girman banza! Ka kashe kanka ka huta, mu ka bar mu da me? Na binne ɗaya, so kake in binne biyu?" Ko ɗaga kai bai yi ba.

Ni ma na je. Ban taɓa yi masa magana kai tsaye ba a rayuwata, ranar na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, in ta kai maƙogwaro ba abin da zan iya. Ka zo gobe." Ya juya ya fuskanci bango, ya ce da bakin da da ƙyar yake buɗuwa, "A gaya wa wannan ya bar ta inda Yaya ya bar ta."

Na tashi na koma lopital na ci gaba da cire haƙoran mutane. Ina lissafa masa kwanaki a raina yadda zan lissafa wa kowane majiyyaci, kuma hakan bai ba ni tsoro ba. Rashin tsoron ne ya riƙa damuna.

Inna ce ta aika a kira shi. Tana cikin takaba, ba ta fita. Ita matar yayansa ce, abokiyar wasansa, ita kaɗai ce a duniya take gaya wa Baba abin da ta ga dama. Ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakinta, asabari a tsakaninsu, ina gefe.

Ta ce, "Ƙaramin miji, yau ba wasa na kira ka ba. Ranar da ka je lopital, ya dawo gidan nan yana waƙe-waƙe kamar yaro. Ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari. Ya ce mini, yau Auta ya buɗe mini baki. Na ce to ƙyallen fa? Ya ce na kwance. Wallahi na zage shi, tunda muka yi aure ban taɓa zaginsa ba sai ranar. Na ce idona ya kusa tsiyayewa a gindin keken nan don ka kwance? Ya ce ko gobe ka dawo zai kwance."

Baba ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ban yafe muku ba tukuna, ku duka biyun. Zan yafe, amma ba yau ba. Abin da na sani, ya fara aiki a bakinka bai gama ba, kuma ka san shi da aikin da ba a gama ba. Da maganar saiwar nan ya cika a bakinsa. Ka je a gama masa."

 Ya daɗe a tsugune, sannan ya dafa ƙasa ya tashi ya fita.

Washegari na iso lopital da safe na tarar da shi zaune a kujerar ƙarfe, shi kaɗai a baranda, da kayan kwata a jikinsa. Na gaishe shi, ya ɗaga hannu. Na kunna risho, na tafasa ƙarafa, na jera su, na wanke hannu. Na ɗauko ƙyalle ta igiya. A nan na tsaya. Ga shi a hannuna, na kasa kai shi fuska, na kasa ajiye shi.

Baba ya ce, "Zo nan." Ba bango ya faɗa wa ba, ni ya kalla.

Na matsa. Ya ce in juya in rage tsawo. Ya karɓi igiyoyin, na ji yatsunsa a ƙeyata, masu kauri, masu kaushi. Ban tuna wata rana da ya taɓa ni kafin wannan ba. Ya ɗaure na sama, ya ɗaure na ƙasa, ɗaurin da ake yi wa ƙafar sa, har kunnena yana zafi. Ya ce in ƙara wani a kai. Na ƙara.

Na yi masa allura, muna jira ta kama. Yana ta kallon fuskata. Can ya ce, "Da wannan abin a hancinka, kana jin warina?"

Na yi tunanin in yi masa ƙarya. Na ce, "Ina ji, Baba. Ba ya tare wari. Ko kaɗan."

"Ko guda biyun?"

"Ko guda goma ne."

 Ruwa ya fara sauka a kan kwanon baranda.

Ya ce, "Shi ma yana ji ke nan. Da shi da babu shi."

Na ce, "Yana ji."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya jingina da kujerar, ya buɗe baki iyakar yadda kumburin ya bar shi. Na tsaga, ruwan ciwon ya fita, na bi ta wajen harshe inda Baffa ya ce, na same ta. Ba ta fi ƙwayar dawa ba. Na ajiye ta a faranti, na cusa masa auduga na ce ya cije.

Bai cije ba. Ya kalli farantin, ya ce ta cikin audugar, "Allah ya ji ƙan Yaya. Allah ya sa ya huta."

Na buɗe baki in ce amin, muryar ta ƙi fita. Ƙyallen ya jiƙe sharkaf da hawaye, duka biyun, kuma na kasa kwance ɗaurin. Sai da Baba ya miƙo hannu ya kwance mini.